Haƙƙin Kare Kai a Gaban Shari'a da Tabon da Hukunci Ke Bari

 



An nemi in yi magana a kan haƙƙin wanda ake tuhuma da laifi, da kuma abin da ke bin mutum bayan kotu ta gama da shi. Maganata guda ɗaya ce, kuma a kanta zan tsaya har in sauka. Yawancin hukuncin da alƙali yake yankewa yana da wa'adi, wata shida ne ko shekara biyu ko tarar Naira kaza. Amma sunan da mutum yake fitowa da shi daga kotu, babu wanda ya yanka masa ranar ƙarewa. Saboda haka kare wanda ake tuhuma dole ya fara tun daga sa'ar da aka kama shi, kuma dole al'umma ta san inda hukunci ya tsaya, ta tsaya a nan.

Daga caji ofis ake faɗuwa

Yawancinmu muna ɗauka cewa shari'a tana farawa ranar da aka kira ƙara a kotu. Duk lauyan da ya daɗe yana wannan aiki zai gaya muku cewa shari'u da yawa a caji ofis ake rasa su, a daren farko, lokacin da aka ajiye wa yaro takarda aka ce ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Da Turanci aka rubuta ta, shi kuwa da Hausa ya yi bayani, babu wanda ya karanta masa, ga tsoro ga yunwa. Wannan takarda ita ce za ta tsaya a gaban alƙali bayan wata da watanni a matsayin iƙirarinsa.

Doka ba ta bar wannan wuri haka nan ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ya ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, ko kwana biyu idan babu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuma yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu bayanta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, ta ƙara wasu abubuwa da ya kamata kowane magidanci ya haddace. Haramun ne a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Haramun ne a kama mutum saboda bashi ko saɓanin ciniki kawai. Ana ɗaukar jawabin wanda ake zargi ne a gaban lauyansa, ko jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko wani da ya amince da shi, kuma an so a ɗauki iƙirari a bidiyo. Mace tana da damar tsaya wa mutum beli daidai da namiji. An kuma ɗora wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda da ke yankinsa duk wata, ya duba waɗanda ke tsare.

Waɗannan duka suna rubuce. Amma haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, ba ya amfanarsa da komai. A bangon caji ofis an rubuta cewa beli kyauta ne, kuma a ƙarƙashin wannan rubutu uwa take kwance bakin zaninta ta miƙa kuɗin da ta ranto.

"Ka amsa kawai ka tafi gida"

Akwai wata shawara da ake bai wa matasa a harabar kotu, wani lokaci daga bakin masu ƙaunarsu. A ce da yaro: "Kai, ka amsa laifin kawai, a ci ka tara, mu biya ka tafi gida. In ka musa, sai an kai ka gidan yari ka yi ta jiran shari'a." Yaron ya duba ya ga gaskiya ne, amsawa ta fi sauri. Aka karanta masa takardar ƙarar 'yan sanda, ya ce haka ne, cikin minti kaɗan aka gama. Dangi suka haɗa tara, aka koma gida ana hamdala.

Abin da ba a gaya masa ba shi ne, a idon doka tarar nan hukunci ce cikakkiya. Daga ranar ya zama wanda kotu ta taɓa samu da laifi. Idan sata ce ko zamba ko cin amana aka rubuta, to ya shiga sahun waɗanda doka ke kira marasa gaskiya, kuma wannan suna zai tarar da shi a wuraren da bai taɓa tsammani ba. Gyara shi kuma yana da wuya, domin ɗaukaka ƙara yana da wa'adi, galibi kwana 30 daga kotun majistare, kuma wanda ya amsa da bakinsa ya rage wa kansa hujja.

Ban ce wanda ya aikata laifi ya yi ƙarya ba. Amsa laifi ga wanda ya aikata nagarta ce, kuma doka ta tanadi hanyar sasantawa da mai gabatar da ƙara domin a sassauta masa. Abin da nake cewa shi ne kada kowa ya amsa abin da bai fahimta ba, kuma kada wanda bai aikata ba ya sayi 'yancin yau da mutuncin rayuwarsa gaba ɗaya. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Mutum ya ji ta bakin masanin doka tukuna, ko da na minti goma ne.

Zaman jiran shari'a

Sai dai mu yi wa yaron nan adalci, tsoronsa yana da tushe. Alƙaluman da Hukumar Gidajen Gyaran Hali take fitarwa a 'yan shekarun nan suna nuna mutane fiye da 70,000 a tsare, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu ba a yanke musu hukunci ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ce kowa marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Ke nan mafi yawan waɗanda ke kwana a Kurmawa da Goron Dutse da sauran gidajen yari, a idon doka ba su da laifi.

Yadda abin yake faruwa sananne ne. A tuhumi mutum da babban laifi kamar fashi ko kisa, a kai shi gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara, a ba da umarnin tsare shi har sai ma'aikatar shari'a ta ba da shawara. Fayil ya tafi, ɗan sandan da ya yi bincike a yi masa canjin wurin aiki, shaidu su watse, motar kai fursunoni kotu ta lalace. Dokar 2015 ta ƙayyade irin wannan tsarewa zuwa kwana 14, wanda ba a sabunta shi sai da dalili a gaban kotu. Amma idan babu wanda zai tashi ya tunatar da kotu, sai kwana 14 su zama shekaru.

Duk mun ga abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamban 2024 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, lokacin da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar watan Agusta, yawancinsu daga Kano da Kaduna, bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Aka sa belin kowannensu Naira miliyan 10. Da hotunan suka bazu, ƙasa ta ɗauki zafi, cikin 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ba da umarni aka sake su. Waɗannan kyamara ta gan su. Dubbai irinsu suna can babu mai ganinsu.

Haka kuma a Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da tara Naira miliyan 585 domin biyan tarar fursunoni 4,068. Ku raba kuɗin da yawan mutanen, za ku ga bai kai Naira 150,000 kowane mutum ba. Alƙali ya riga ya ce waɗannan mutane za su iya komawa gida idan sun biya. Talauci ne ya riƙe su.

"Lauya mai kare ɓarawo"

Na san abin da ke zukatan wasu a wannan zaure. Akwai wanda aka ƙwace wa waya da wuƙa, akwai wanda 'yan daba suka raunata masa ɗa, akwai wanda aka sace wa shanu. Irin wannan mutum idan ya ga lauya ya tsaya wa wanda ake tuhuma, sai ya ji kamar an sake zaluntarsa. Wannan ɓacin rai gaskiya ne, kuma wanda aka zalunta yana da haƙƙin a hukunta wanda ya zalunce shi.

To amma wane ne ya zalunce shi? Wannan ita ce tambayar da aka kafa kotu domin ta. Idan aka ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, an yi zalunci biyu: an cuci marar laifi, kuma ainihin ɓarawon yana nan a unguwa yana jiran wani. Aikin mai kariya shi ne ya tilasta wa mai gabatar da ƙara ya kawo hujja, ya gwada shaidu da tambaya, ya tabbatar ba da duka aka karɓi iƙirari ba, kuma idan laifi ya tabbata, ya nuna wa alƙali abin da zai sa hukunci ya yi daidai da laifin. Hukuncin da ya tsallake wannan gwaji shi ne wanda ba a rushe shi a kotun gaba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suka gada, mai ƙara shi ne yake kawo hujja. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran abin da zai kare kansa da shi. Shubuha tana kawar da haddi. Wanda ya yi iƙirarin laifin haddi yana da damar janyewa. Malamai sun halatta wakilci a husuma, sun kuma ruwaito cewa Sayyidina Ali yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a gaban alƙali. Mun san kuma yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa kawar da kai daga Ma'izu lokacin da ya zo yana iƙirari, har ya bincika ko hankalinsa lafiya.

Tarihinmu na kusa ya nuna amfanin wannan. A 2001 kotun shari'a a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin jefewa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta rushe shi a Maris 2002. A wannan watan ne kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci, kotun Funtuwa ta tabbatar, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta sallame ta a Satumban 2003. Dukansu ba su da lauya a kotun farko. Da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka shiga, daga cikin littattafan Malikiyya suka ɗauko hujjojinsu. Shari'ar ba ta canza ba tsakanin kotun farko da ta ƙarshe. Abin da ya canza shi ne an samu wanda ya san ta ya tsaya musu.

Bayan an buɗe ƙofa

Yanzu mu bi mutumin da ya gama wa'adinsa. Yana fitowa da tabo iri biyu, na takarda da na bakin mutane.

Na takarda yana cikin rajistar masu laifi da rundunar 'yan sanda ke riƙe da ita tare da zanen yatsu. Daga nan ake fitar da takardar shaidar kyawun hali da ake nema wajen wasu ayyuka da karatu a waje. Shiga aikin soja ko ɗan sanda ko kwastan yana da sharaɗin cewa kotu ba ta taɓa samun mutum da laifi ba. Takardun neman aikin gwamnati da na banki suna yin tambayar. Takardun neman bizar Amurka da Ingila da Kanada suna yin ta, kuma wanda ya ɓoye aka gano, ya ƙara wa kansa wata matsalar. Sassa na 66 da 107 da 137 da 182 na Tsarin Mulki sun hana wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa har sai shekara 10 ta wuce. A Jamhuriyar Nijar ma takardar tarihin shari'a tana cikin abin da ake nema wajen jarrabawar shiga aikin gwamnati da tsayawa takara, kuma hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da aka yanke wa tsohon firaminista marigayi Hama Amadu a 2017 shi ne Kotun Tsarin Mulki ta kafa hujja da shi ta ƙi takararsa a 2020. Idan takarda ta iya tare tsohon firaminista, ina ga ɗan acaɓa?

Na bakin mutane ya fi ciwo, domin ba ya bambance wanda aka hukunta da wanda aka sallama. "Ai ɗan gidan yari ne." Da wannan jimla ake fasa ba shi aure, ake fitar da shi daga adashi, maigidansa na kasuwa ya ce ya sami wani yaron, mai gidan haya ya ce ɗakin ya kama. Idan mace ce abin ya ninka, domin sau da yawa kafin ta fito aurenta ya mutu, 'ya'yanta suna hannun wasu. Idan abu ya ɓace a unguwa, ƙofarsa ake fara ƙwanƙwasawa. Yanzu ga wani sabon abu: a yi holen mutum a gaban 'yan jarida kafin a kai shi kotu, hotonsa ya zaga Facebook da WhatsApp. Ranar da kotu ta wanke shi babu ɗan jarida ko ɗaya a wurin. Jihar Legas ta haramta wannan hole a gyaran dokarta na 2021, kuma ya kamata jihohinmu su rubuta haramcin a cikin nasu dokokin.

Ku tuna da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Bayan shekaru a kurkuku ba da laifinsa ba, da manzon sarki ya zo fitar da shi, bai yi gaggawar fita ba sai da ya nemi a binciki maganar da aka ɗaure shi a kanta, gaskiya ta fito fili. Ya san cewa fita daga kurkuku daban, wanke suna daban.

Mu tambayi kanmu: mutumin da aka rufe wa ƙofar aiki da ta aure da ta kasuwa, wace ƙofa ce ta rage masa? Ta tsofaffin abokan da ya haɗu da su a ciki, su ne kaɗai ba sa gudunsa. Idan ya koma ruwa, sai mu ce ai mun faɗa, alhali da hannunmu muka tura shi.

Wa ke samun afuwa?

Tsarin Mulki ya ba shugaban ƙasa ikon afuwa a sashe na 175, gwamna kuma a sashe na 212. Cikakkiyar afuwa tana wanke mutum gaba ɗaya. Kotun soja ta ɗaure Olusegun Obasanjo a 1995, ya fito a 1998, aka yi masa afuwa, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar da Olu Falae ya shigar a 1999 ta tabbatar cewa wannan afuwa ta share hukuncin. A 2013 an yi wa tsohon gwamna Diepreye Alamieyeseigha afuwa, a 2022 aka yi wa tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame. Gwamnoni ma sukan saki fursunoni lokacin Sallah ko ranar 'yancin kai, kuma wannan alheri ne. Amma afuwa kyauta ce, sai wanda sunansa ya isa teburin mai bayarwa. Talaka yana buƙatar haƙƙi wanda zai nema da kansa.

Wasu ƙasashe sun tanadi wannan. Ingila ta yi doka tun 1974 wadda ta ce bayan wani wa'adi ba tare da sabon laifi ba, ba sai mutum ya ambaci ƙaramin hukuncinsa ba wajen neman yawancin ayyuka. A Afirka ta Kudu mai ƙaramin hukunci yana iya neman a goge sunansa bayan shekara 10. Mu a Najeriya mun ɗan taka mataki da Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019. Ita ce ta sauya wa gidan yari suna, ta ƙarfafa hukuncin da ba na ɗauri ba kamar yi wa al'umma aiki, ta kuma tanadi takardar shaidar gyaruwar hali, ta hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi. Akwai fursunonin da suke karatun digiri kyauta a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa daga cikin gidan yari. Amma digirin da babu mai ɗaukar mai shi aiki, rabin gyara ne.

Addininmu ya riga kowa a nan. Matar nan ta ƙabilar Makhzum da aka zartar wa hukuncin sata a zamanin Manzon Allah, Nana A'isha ta ba da labarin cewa ta tuba tuba mai kyau, ta yi aure, kuma takan zo wurinta da buƙatunta a isar wa Annabi. An zartar da hukunci ba sani ba sabo, sannan aka bar mata ƙofa a buɗe.

Abin da ya rage gare mu

Ga iyaye: idan aka kama naku, ku je da wuri, ku tambayi laifin da ake zarginsa da shi, ku nemi lauya tun kafin ya sa hannu a komai. Rashin kuɗi ba uzuri ba ne na zama a gida. Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofis a jihohi domin marasa ƙarfi. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa, akwai cibiyoyin taimakon shari'a na ɗaliban lauya a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello.

Ga 'yan'uwana lauyoyi: kowannenmu ya ɗauki fayil ɗaya na wanda ba zai iya biya ba, ya bi shi har ƙarshe. Ga masu girma alƙalai: kafin ku karɓi amsa laifi daga wanda ba shi da lauya, ku bayyana masa da harshensa abin da zai biyo baya, kuma a ƙananan laifuka ku yi amfani da hukuncin da ba na ɗauri ba. Ga 'yan majalisunmu: muna buƙatar dokar da za ta goge ƙananan hukunce-hukunce bayan wa'adi sananne, ta cire sunan duk wanda kotu ta wanke daga rajista, ta kuma bar manyan laifuka kamar fyaɗe da cin zarafin yara a rubuce domin kare al'umma.

Ga malamai da masu unguwanni da 'yan kasuwa: wanda ya fito, a tarbe shi. Liman ya yi masa nasiha ya jawo shi sahu, mai unguwa ya tsaya masa, mai shago ya gwada shi da ƙaramar amana kafin babba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wanda ake tuhuma a ba shi mai kare shi tun ranar farko. Wanda aka samu da laifi a hukunta shi daidai laifinsa. Wanda ya gama biya kuma a daina binsa bashin da ya riga ya biya. Allah Ya tsare mu daga zalunci da zama azzalumai, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare ba da haƙƙinsu ba, Ya shiryi waɗanda suka kauce.